Tambaya da Amsa: Duba Lafiyar Dajin Mangurof da Tauraron Ɗan'adam

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga dajin gaɓar teku da ake kira mangurof, da yadda ake bibiyar halin da yake ciki ta hotunan tauraron ɗan'adam. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Fatakwal. Ina ganin itatuwan nan masu saiwa a waje a bakin ruwa, har na ji an ce daga sama ake gane ko suna da lafiya. Ta yaya abin da ke can ƙololuwa zai san ganye ya kamu da ciwo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Itatuwan da kake gani su ne mangurof, ba su da dangantaka da mangwaro sai kamar suna. A cikin laka suke tsirowa, inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, teku ta rufe gindinsu ta janye sau biyu a yini. Wanda ya fi yawa a Neja Delta shi ne Rhizophora racemosa, mai saiwoyi kamar ƙafafun gizo-gizo. Akwai kuma Avicennia germinans, wanda saiwoyinsa ke ɓullowa daga laka tsaye kamar tsinke. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan wannan daji. Taswirar Global Mangrove Watch ta 2020 ta ba ta sama da murabba'in kilomita 8,000, wato fiye da faɗin jihar Legas ninki biyu, daga cikin kimanin 147,000 na duniya baki ɗaya. A cikin saiwoyin nan ƙananan kifi da jatan lande ke girma kafin su fita teku.

Tauraron haske yake aunawa. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske domin ya haɗa abincinsa, sannan ya mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infared na kusa. Idan ganye ya fara wahala sai lamarin ya juye: ya rage shan ja, ya rage mayar da infared. Na'urar tauraron tana da tashoshi kamar rediyo, kowace tasha da irin hasken da take kamawa. Sai a ɗauki adadin infared a cire na ja, a raba da jimlarsu. Sakamakon shi ne ma'aunin NDVI, wanda ke tsakanin -1 da 1. Misali, infared 0.32, ja 0.04: an cire ya zama 0.28, an tara ya zama 0.36, an raba ya ba da 0.78. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifili, tsirarar laka tsakanin sifili da 0.2, daji mai kauri daga 0.6 zuwa sama. Sai dai a riƙe cewa ma'aunin yawan kore yake faɗa, ba ya faɗin sunan itacen ko abin da ke damunsa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen nazarin ƙasa, aikina na kammala digiri a kan mangurof ne na yankin Bonny. Kwamfutata ba ta da ƙarfi, ba ni da kuɗin sayen hotuna. Daga ina zan fara?

Amsa: Malama, kada ki sayi hoto ko ɗaya. Hotunan Landsat na Amurka kyauta ne tun 2008, na Sentinel na Tarayyar Turai kuwa kyauta suka fara. Abin da zai raba miki gardama wajen zaɓi shi ne tsawon shekarun da kike son dubawa. Sentinel-2 ya fara a 2015, ɗigonsa ɗaya, wato mafi ƙanƙantar murabba'in da hoton ke nunawa, mita 10 ne a kan mita 10, yana dawowa wuri ɗaya duk kwana biyar. Landsat ɗigonsa mita 30 ne, kowane tauraro yana dawowa duk kwana 16, amma tarihinsa a wannan girman ɗigo ya kai 1980 da 'yan kai. In tambayarki ita ce me ya canza cikin shekara talatin, Landsat ne naki. In shekara biyar zuwa takwas ne, ki ɗauki Sentinel-2. MODIS kuwa, wata na'urar tauraro ta Amurka, ki bar shi: ɗigonsa mita 250 ne, hekta 6.25 ke nan a ɗigo guda, alhali mangurof na bakin rafi sau da yawa siriri ne, ɗigon zai haɗiye ruwa da laka da itace ya ba ki lamba ɗaya marar ma'ana.

Game da kwamfuta, Google Earth Engine da dandalin Digital Earth Africa suna yin lissafin a kan na'urorinsu, taki burauza kawai za ta buɗe. Manhajar QGIS kyauta ce, da ita za ki ƙawata taswirar ƙarshe.

Ki fara da shata iyaka. Ki sauko da taswirar Global Mangrove Watch, wadda ta ƙunshi shekaru daga 1996 zuwa 2020, ki haɗe iyakokin dukkan shekarun wuri ɗaya, ki ƙara musu kamar mita 500 ta kowane gefe. Duk abin da ke wajen wannan da'ira ki yanke shi. Dalili shi ne dajin fadama na ruwan daɗi da gonakin kwakwar manja da ke bayan mangurof su ma NDVI ɗinsu sama yake, in kika bar su za su shiga ƙidaya. Ƙarin mita 500 ɗin kuwa domin ki kama inda dajin ya bazu ne, in ya bazu.

Daga nan ki zaɓi hotunan da aka riga aka cire musu tasirin iska: L2A a Sentinel-2, mataki na 2 na Collection 2 a Landsat. Ki share gajimare. A Sentinel-2 akwai shafin SCL da ke yi wa kowane ɗigo lamba. Ki zubar da 3, inuwar gajimare ke nan, da 8 da 9 da 10, waɗanda su ne gajimaren kansa. Inuwar ta fi gajimaren haɗari, domin gajimare fari ne kowa zai gan shi, inuwa kuwa takan yi kama da ruwa ko mataccen daji.

Kada ki dogara da hoto ɗaya a shekara. Ki tara duk hotunan watanni guda, misali Disamba zuwa Fabrairu, ki ɗauki lambar tsakiya ta kowane ɗigo, ba matsakaicin jimla ba, saboda gutsuren gajimaren da ya tsere wa shara yakan ja matsakaici, amma ba ya motsa lambar tsakiya. Kowace shekara watannin nan dai za ki ɗauka.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne lambobin tashoshi. A Sentinel-2 ja B4 ne, infared B8. A Landsat 8 da 9 ja B4 ne, infared B5. A Landsat 5 da 7 kuwa ja B3 ne, infared B4. Wanda ya kwafi lissafin Landsat 8 ya ɗora wa Landsat 5 zai sami lambobi, har taswira mai launi za ta fito, amma ba NDVI ya lissafa ba. Ki kuma sani cewa wani sashen na'urar Landsat 7 ya lalace ranar 31 ga Mayu 2003, tun daga nan hotunansa ke da zane-zanen giɓi da ke cinye kusan kashi 22 cikin ɗari na hoton.

Bayan NDVI ki ƙara NDMI, wanda ake lissafawa haka nan amma da B8 da B11 na Sentinel-2, yana nuna danshin ganye. Amfaninsa shi ne NDVI yakan ƙoshi: da zarar ganye ya rufe ƙasa ruf, ƙarin ganye ko ɗan raguwarsa ba ya motsa lambar sosai, daji zai iya fara sirancewa ma'aunin na nan a 0.8. Wajen ƙidayar faɗi, ɗigo 100 na Sentinel-2 hekta ɗaya ne, ɗigon Landsat ɗaya hekta 0.09. Ki mayar da taswirar tsarin UTM, wanda ke auna wuri da mita, kafin ki ƙirga, Bonny na shiyya ta 32 ta arewa, Warri da Legas na ta 31.

Sauran aikin a cikin kwalekwale yake. Ki nemi aƙalla wurare 50 ga kowane rukuni na taswirarki, daji mai kauri, mai sirara, laka, nifa (wata kwakwa da ke mamaye wurin mangurof), ki je ki gani da ido. GPS na waya yakan kuskure da mita uku zuwa biyar, don haka ki tsaya a tsakiyar fili iri ɗaya mai faɗin aƙalla mita 30, kada ki tsaya a kan iyakar rukuni biyu. Ki ware wani kaso na wuraren da ba za ki yi amfani da su wajen gina taswirar ba, da su za ki gwada ta.

Tambaya: Muna bibiyar wani daji a Bayelsa da Sentinel-2. Daga 2022 sai NDVI ya faɗi daga wajen 0.78 zuwa 0.50 a ko'ina, har da wuraren da muka san lafiyarsu ƙalau. Wace annoba ce wannan?

Amsa: Malam, muna kyautata zaton dajinku lafiya lau yake, lissafin ne ya karkace. Daga 25 ga Janairu 2022 hukumar sararin samaniya ta Turai ta canza yadda take adana lambobin Sentinel-2, ta ƙara 1,000 a kan kowace lamba. Ɗigon da a da yake 3,200 a infared da 400 a ja, yanzu zai zo maka 4,200 da 1,400. Na farko ya ba da 0.78. Na biyu, 2,800 a raba da 5,600, ya ba da 0.50, daidai abin da ka gani. Ka duba sunan fayil ɗin: in akwai N0400 ko lambar da ta fi ta, ka cire 1,000 kafin ka raba da 10,000. Har tsofaffin hotunan da aka sake sarrafawa suna ɗauke da ƙarin, shi ya sa sunan fayil ya fi kwanan wata amana. A Earth Engine ka yi amfani da tarin da ke da HARMONIZED a sunansa, an riga an gyara shi.

Landsat ma yana da irin nasa. Sai an ninka lambar da 0.0000275 an cire 0.2. Wanda ya tsallake wannan, ɗigon da ya kamata ya ba shi 0.78 zai ba shi 0.37.

Alamar da za ta riƙa fargar da kai ita ce wannan: ɓarnar gaske tana da siffa. Takan bi rafi, ko layin bututu, ko gefen gari. Faɗuwar da ta sauka kan kowane ɗigo rana ɗaya, daga na'ura ko lissafi take.

Tambaya: Na kwatanta hotuna biyu da kwana goma ne kawai tsakaninsu, babu gajimare a duka biyun, amma lissafi ya nuna hekta da yawa sun ɓace. Wa zai sare daji haka cikin kwana goma?

Amsa: Ɗan'uwa, teku ce ta cika. Wannan ne ya bambanta aikin mangurof da na dajin tudu, kuma shi ne kuskuren da muka fi gani a rahotanni. Ruwa yana shanye infared kusan gaba ɗaya. Inda itatuwa suke dogaye kuma rassansu sun haɗe, tauraron ganye kawai yake gani, ko ruwa ya cika ko ya janye. Amma a Neja Delta dogayen itatuwan a bakin rafi suke jeruwa, bayansu kuwa gajeru ne masu tazara. A can, idan ruwa ya janye ɗigon yana ganin ganye da laka. Idan ya cika yana ganin ganye da ruwa, ƙananan tsirrai ma sun nutse. NDVI ya sauka ƙasa da iyakar da ka sa, kwamfuta ta rubuta cewa daji ya ɓace.

Girman matsalar ya danganta da wuri. Tazarar cika da janyewa a gaɓar Najeriya tana ƙaruwa ne in ana nufar gabas, daga kamar mita ɗaya a Legas zuwa kusan uku a Kalaba. Tana kuma bin wata. Wanda ke lissafi da watan Musulunci ya riga ya san rabin jadawalin: cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, a wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata kuwa motsin ruwan kaɗan ne. Kowace rana lokacin cikar yana jinkirta da kamar minti 50, alhali tauraron a lokaci ɗaya yake wucewa kullum, da hantsi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya. Saboda haka hotuna biyu masu kwana goma a tsakani kusan ba za su taɓa samun ruwa a tsayi ɗaya ba.

Ga gyaran. Kowane hoto yana ɗauke da ranarsa da sa'arsa a agogon duniya, ka ƙara awa ɗaya ka sami agogon Najeriya. Ka nemo tsayin ruwa na wannan sa'ar a jadawalin tashar jirgin ruwa mafi kusa, ko a manhajar lissafin teku irin FES2014. Ka jera hotunan daga mafi ƙarancin ruwa zuwa mafi yawa, ka riƙe rabin ƙasa kaɗai, da su za ka haɗa lambar tsakiya. A cikin rafuka masu nisa daga baki ruwa yakan makara da isowa, jadawalin bakin teku ba zai yi daidai ba, sai ka zaɓi wani tudun laka da ka sani ka mayar da shi ma'auni: hoton da tudun ya fito fili a karɓa, wanda ya nutse a ajiye. Kuma kada ka kira wuri asara sai ya kasance ƙasa da iyaka shekara biyu a jere.

Tambaya: Daga Afrilu zuwa Oktoba ba na samun hoto ko ɗaya mai kyau. Me zan yi?

Amsa: Haka yankin yake, gaɓar tekun Gini na cikin wuraren da gajimare ya fi rufewa a duniya. Rani ne damarka, amma shi ma da nasa cikas: hazon hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na Chadi, wadda ke rufe Kano da Damagaram, tana isa har bakin teku. Tana ƙara wa tashar ja haske, NDVI ya sauka, shafin SCL kuma sau da yawa ba ya ɗaukarta gajimare. Ka buɗe kowane hoto da launinsa na zahiri, wanda ya yi fari-fari kamar an watsa toka ka cire shi da hannu.

Na damina kuwa rada ce maganinsa, domin tana ratsa gajimare dare da rana. Sentinel-1 kyauta ne, sai dai gajeren zangonsa a saman ganye yake tsayawa. Radar ALOS ta Japan mai dogon zango tana kutsawa har rassa da gangar itace, ita ce ginshiƙin taswirar Global Mangrove Watch. Rada za ta gaya maka ko itace na tsaye ko an sare shi, ba za ta gaya maka ganyensa ya yi rawaya ba.

Tambaya: Taswirarmu ta nuna wani rafi a Akwa Ibom kore shar, NDVI ma ya ƙaru cikin shekara goma. Masuntan wurin kuwa sun ce dajinsu ya ƙare, kifi ya ragu. Wa za mu gaskata?

Amsa: Ku gaskata masuntan, Hajiya, sannan ku koma ku binciki taswirar. Mafi kusa shi ne nifa kuke aunawa. Wata irin kwakwa ce mai kama da tukurwa, ganyenta daga laka yake fitowa kai tsaye ba gangar jiki. An kawo ta Kalaba daga Singafo a 1906, tun daga nan 'ya'yanta ke bin ruwa suna mamaye duk inda aka sare mangurof ko ya mutu. Kore ce shar, NDVI ɗinta ba ya kasa na mangurof, amma ba ta da saiwoyin da kifi ke fakewa a ciki, ba ta ba da itacen banda. Wannan ne ya sa muke jin zafi idan muka ga rahoto ya rubuta farfaɗowa don kawai lamba ta hau.

Ku bi tarihin ɗigon shekara-shekara maimakon kwatanta farko da ƙarshe. In kun ga ya faɗi, ya zauna ƙasa wasu shekaru, sannan ya hau, to wani abu ya mutu wani ya maye gurbinsa, sai an je an ga ko wane ne. Domin raba su a taswira ku ba kwamfuta tashoshi da yawa, B5 da B6 da B7 da B11 da B12 na Sentinel-2 tare da rada, ku koyar da ita da wuraren nifa da na mangurof da kuka tabbatar da ƙafarku.

Siffar faɗuwar ma tana ba da labari. Sara yana zuwa farat ɗaya da gefe mai kaifi, yawanci kusa da ƙauye ko mashigin kwalekwale. Ɗanyen mai yana toshe ƙananan ƙofofin numfashi da ke jikin saiwa, ganye ya yi rawaya ya zube cikin makonni ko watanni, mutuwar ta bi gefen rafi har iyakar inda ruwa ke kaiwa. Haka aka gani a Bodo ta ƙasar Ogoni bayan malalar mai ta 2008, kuma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara muhallin Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Hanya ko bututun da ya datse mashigar ruwa kuwa a hankali yake kisa, NDMI ya riƙa gangarowa shekara bayan shekara. Wani lokacin ma ba hannun mutum kai tsaye: a gaɓar Carpentaria ta arewacin Ostireliya fiye da hekta 7,000 suka bushe a tsawon kilomita 1,000 tsakanin ƙarshen 2015 da 2016, lokacin da fari da zafi suka haɗu da saukar teku ta ɗan lokaci a shekarar El Nino, wato ɗumamar tekun Fasifik da ke dagula yanayi.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta dasa mangurof bara. Masu ba mu tallafi suna son hujjar tauraron ɗan'adam cewa sun kama. Za a samu?

Amsa: Ba yanzu ba. Tsiron shekara ɗaya 'yan ganye ne a kan tsinke, ko an dasa ɗari a ɗigo ɗaya na Sentinel-2, laka ce mafi yawan abin da tauraron zai gani. In ma lambar ta hau, gansakukar kan laka na iya zama dalili. A shekarun farko ku kafa filayen ƙidaya na dindindin, mita 10 a kan mita 10, da turaku a kusurwoyi, ku ƙirga masu rai ku auna tsayinsu duk wata shida. Ku ɗauki hoto da jirgi marar matuƙi idan ruwa ya janye, daga tsayi ɗaya kowane karo. Tun yau ku ajiye NDVI na wurin kafin dashe, tare da na wani lafiyayyen daji kusa da ku da na wata laka da ba a dasa komai a kanta ba. Idan rassa suka fara haɗewa, layin NDVI na filinku zai rabu da na lakar ya nufi na dajin, wannan ne zanen da za ku aika wa masu tallafin.